Karatu daga nesa ga ma'aikaci: abin da ya kamata ka gane kafin ka sayi fom

Akwai wani abokin aikina da muke zama ofis ɗaya, teburinsa na kallon nawa, shekara huɗu da ɗoriya ya yi yana karatun digiri daga nesa, duk ranar da ake jarrabawa tun bayan asuba yake barin gida, kuɗin rijista kuwa daga adashen da muke zubawa a ofis yake fitarwa, sau biyu ina bar masa kwasata don kada a rufe fotal bai biya ba. Allah ya taimake shi ya gama, sakamako ya yi kyau, ya ɗauki satifiket ya kai sashen mulki a saka masa a fayil a sauya masa layin aiki. Tambayar farko da aka yi masa ita ce ina takardar izinin da aka ba ka kafin ka fara? Babu. Bai taɓa nema ba, don shi a lissafinsa tunda bai yi fashin aiki ba kuma ba kuɗin gwamnati ya ci ba, me zai kai shi neman izini. Na ga fuskarsa ranar da ya dawo daga sama, ya zauna ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur bai ce da kowa komai ba har aka tashi.

Tun daga ranar nake son in zauna in warware maganar nan, saboda ma'aikata da yawa suna shiga karatun nan ido rufe, wasu kuma suna guje masa saboda jita-jitar da suka ji a majalisa, kuma duka ɓangarorin biyu asara suke yi.

Farko dai mu raba abubuwan da muke cakuɗawa, don idan ma'aikaci ya ce maka zai tafi kwas ko yana ƙaro karatu, abu uku daban-daban ne ake kira da suna ɗaya. Akwai karatun neman takarda, wato difloma ko NCE ko digiri ko mastas, wanda shi ne ke taɓa matakin albashinka. Akwai karatun riƙe lasisin sana'a, irin wanda likita ko nas ko akanta ko malamin makaranta yake yi don ƙungiyarsu ta ci gaba da yarda da shi, nas ba za ta sabunta lasisi ba sai ta nuna ta halarci horon da majalisarsu ta wajabta, akanta mai takardar ICAN ko ANAN shi ma akwai makin horo da ake bin sa, malami kuma ga TRCN, hukumar rijistar malamai, da aka kafa tun 1993 da jarrabawarta ta rijista. Sai na ukun, bitar da ofis ko kamfani ke shiryawa na kwana uku ko sati ɗaya a koya maka wani abu da ya shafi aikin da ke kan teburinka. Kowanne da ƙa'idarsa da wanda ke biyan kuɗinsa da abin da yake jawo maka. Wanda ya tara takardun bita guda ashirin yana tsammanin za su ɗaga shi daga mataki zuwa mataki ya yi kuskuren lissafi, haka wanda ya yi mastas yana tsammanin ta wadatar da shi daga sabunta lasisi.

Kuma abin nan ba da zuwan wayar hannu ya fara ba. Iyayenmu da suka yi aikin En'e da aikin gwamnatin Jihar Arewa sun san karatun gidan waya, mutum ya aika kuɗi Ingila, makarantu irin su Rapid Results College da Wolsey Hall su riƙa aiko masa da darasi a ambulan, ya amsa ya mayar, ya jira makonni kafin gyara ya dawo, da haka wasu suka ci jarrabawar GCE suna bakin aikinsu. A Zariya, makarantar Kongo ta fara ne a 1947 a matsayin wurin koyar da akawu, daga baya ta zama cibiyar koyon mulki da ta horar da manyan ma'aikatan Arewa kafin ta shiga cikin ABU a 1962. Da gwamnati ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976 yara suka cika azuzuwa babu isassun malamai masu takarda, sai aka kafa NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a Kaduna, wadda take can Rigachikun a hanyar Zariya, aikinta shi ne ta horar da malami yana cikin ajinsa ba sai an ɗauke shi ba, Asabar da lokacin hutu ya je cibiya, sauran kwanaki ya karanta littattafan da aka ba shi. Malaman firamare nawa ne a ƙauyukanmu suka samu Giredi Tu da NCE ta wannan hanya, Allah kaɗai ya san adadinsu. Ga kuma karatun dogon hutu da malamai ke kira LVT, su kwashi katifa da risho su tafi Zariya idan an rufe makarantu.

Ita kuwa NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa, da yanzu kowa ya fi sani, gwamnatin Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, ta yi kwance kusan shekara goma sha takwas sai zamanin Obasanjo ta dawo aiki a 2002. Shi kansa Obasanjo bayan ya sauka daga mulki ya shiga ya yi karatu a cikinta har ya kai ga digirin dakta a ilimin addinin Kirista a 2017 yana da shekara 80. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021, a farkon lokacinsa hedikwatar ta baro Legas ta koma Jabi a Abuja. Tana da cibiyoyi a jihohi, har da cikin gidajen gyaran hali inda fursunoni ke karatu. Bayan ita akwai jami'o'in da muka sani na aji da allo da su ma suka buɗe sashen karatu daga nesa, ABU na da nata, haka Jami'ar Maiduguri da ta Abuja da Ibadan da Legas.

To me ya sa ma'aikacin gwamnati ke rububin takarda haka? Sai ka san yadda tsanin aikin yake kafin ka zarge shi. A aikin gwamnatin tarayya mai digiri yana shiga a mataki na 8 kuma hanyarsa a buɗe take har mataki na 17, wato darakta. Wanda ya shigo da ƙaramar takarda yana wani layin daban, kuma layin nan yana da rufi, mafi yawa a mataki na 14 yake tsayawa komai ƙwazonsa komai daɗewarsa. Ƙarin girma kuma ba kullum ba, daga mataki na 7 zuwa 14 shekara uku-uku ake jira, daga 15 zuwa sama shekara huɗu, sannan ga ritaya na jiranka a shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa duk wanda ya riga zuwa, in ban da wasu kamar malaman makaranta da dokar 2022 ta ƙara musu zuwa 40 da 65. Ka ga kenan mutumin da ya shekara ashirin yana rubuta wa daraktoci takardu, shi ke koya wa sababbin zuwa yadda ake buɗe fayil da yadda ake rubuta minit, yana ji yana gani yaron da ya koya wa aiki zai zo ya wuce shi ya zama ogansa saboda takarda ɗaya. Wannan ciwon shi ke kai mutum sayen fom yana da furfura, kuma ni ban ga laifinsa ba.

A da mafitar ita ce hutun ƙaro karatu, ko da albashi ko babu albashi. Mai albashin samunsa sai an sha wuya, sai an tabbatar da kai a aiki, sai karatun ya dace da aikinka, sai ka sa hannu a yarjejeniyar cewa za ka dawo ka yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, kuma gaskiya a wurare da dama sai kana da wanda zai tsaya maka. Marar albashin kuma wa zai iya, mai mata da 'ya'ya shida da iyaye a ƙauye ya ce zai shekara huɗu babu ko sisi? Nan ne karatu daga nesa ya yi rana. Kana bakin aikinka, albashinka na shiga, kana kwana a gidanka.

Yadda yake tafiya a aikace kuwa, bari in ɗauki NOUN tunda ita na fi sani. Za ka yi rijistar kwasa-kwasan zangon ta fotal, ka sauke littattafan a waya ko kwamfuta, akwai darasin da malami ke yi kai tsaye ta intanet ga mai iya shiga, sai aikin gida da ake kira TMA wanda ke ɗauke da maki 30, jarrabawar ƙarshe kuma 70, 'yan ajin farko da na biyu a kwamfuta suke rubutawa, na gaba da su da biro da takarda, kuma dole ka je cibiya da ƙafarka a ga fuskarka. Babu mai bin ka da bulala. Wannan shi ne daɗinsa kuma shi ne wahalarsa, don wanda ya saba sai malami ya tsaya a kansa, sati shida za su wuce bai buɗe littafi ba, sai jarrabawa ta matso ya fara neman tsofaffin tambayoyi a guruf ɗin WhatsApp.

Kuma kada wani ya ce maka arha ne kawai ya tsaya nan. Kuɗin makaranta daban, kuɗin data daban, ga shi a farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, ga wuta da ba ta zama, ga kuɗin mota zuwa cibiya ga wanda ke aiki a ƙaramar hukumar da ke nesa da birni. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, inda ma ake biya kenan, idan ya cire abinci da haya da kuɗin makarantar yara sai ka tambayi kanka daga ina na fom zai fito. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi zango biyu ya ɓace, ya dawo bayan shekara, digirin shekara huɗu ya koma bakwai.

Waɗanda na fi yi wa murna da tsarin nan mata ne. Ina da ƙanwa nas, aure da goyo da dutin dare sun hana ta komawa jami'a shekara da shekaru, maigidanta kuma ba zai yarda ta tafi wani gari ta zauna a hostel ba, ita ma ba ta so. Na je gidanta wata rana bayan isha'i na tarar an ɗauke wuta, ta jingina waya a jikin filas ɗin shayi, ta haɗa ta da fawa bank, jaririya na barci a cinyarta, hannu ɗaya tana jijjiga ta ɗayan tana rubutu a wani tsohon littafin ɗanta na firamare da ya rage shafuka, malami na magana netwok na yankewa tana cewa don Allah Yaya yi shiru ya kusa gamawa. Wallahi abin ya taɓa ni. Irin su suna da yawa a asibitoci da makarantu da sakatariyoyi, waɗanda da babu wannan hanya da shi kenan an rufe babinsu a takardar da suka shigo da ita.

Amma fa dole in faɗi ɗaya gefen, don ina ƙaunar tsarin ne shi ya sa abin ke damuna. Akwai masu ba yaron shagon intanet lambar sirrinsu ya yi musu TMA gaba ɗaya su biya shi, akwai masu sayen furojet da aka riga aka rubuta a sauya suna kawai, mutum ya fito da digirin mulki bai iya rubuta wasiƙar shafi ɗaya ba. Wannan ba ciwon karatu daga nesa kaɗai ba ne, a jami'o'in aji da allo ma ana yi, sai dai a nan ƙofar ta fi faɗi saboda babu idon malami. Tushen abin kuma yana wurin masu ɗaukar aiki da masu ƙarin girma, tunda takardar suke tambaya ba su taɓa cewa zauna ka nuna mana abin da ka koyo ba, to mutane sai suka koma neman takardar ta hanya mafi sauƙi. Mun ga inda hakan ke kaiwa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa sama da 21,000 suka kasa kai makin da aka sa, an yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar da korar da ta biyo baya, kuma jayayyar na da hujjojinta, amma tambayar da ta fi ci mini rai ita ce yawancinsu ai da takardu a fayil, to ina aka yi ɓarin? A ƙarshen 2023 kuma ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin sati shida bai taka aji ba, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo a farkon 2024. Duk wanda ya yi irin wannan, ƙanwata da ke karatu da hasken waya yake cuta, don gobe idan ta miƙa tata takardar da ido ɗaya za a kalle su.

A kamfanoni masu zaman kansu lissafin ya sha bamban. Can ba a cika damuwa da mataki na kaza ba, abin da za ka iya yi gobe da safe shi ake dubawa, shi ya sa bankuna da kamfanonin sadarwa suke da nasu darussan a kwamfuta da ake tilasta wa ma'aikaci ya gama kafin wa'adi, kuma takardar ƙwarewa ta sana'a ta kan fi mastas daraja a wurinsu. Abin da ma'aikata da yawa ba su sani ba shi ne akwai asusun ITF na horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, doka ta ce kamfanin da ya kai wani girma ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a shekara, idan kuma ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida ya kawo shaida ana iya mayar masa da har rabin abin da ya zuba. Wato an gina tsarin ne don mai kamfani ya ga ribar koyar da yaransa. Sai dai masu ƙananan masana'antu da shaguna da makarantun kuɗi da yawa tsoronsu ɗaya ne, in na kashe kuɗi na horar da shi gobe wani ya ɗauke shi. Tsoron na da gaskiya a ciki, maganinsa kuma sananne ne, a rubuta yarjejeniya, na biya maka kwas ka yi mini shekara kaza, in za ka tafi kafin nan ka dawo da wani kaso. Ya fi a bar mutum shekara goma yana aiki da ilimin ranar da aka ɗauke shi.

Sai maganar bita, wadda ita ce ta fi ba ni takaici a aikin gwamnati. Muna da wuraren horo na gaske, ASCON a Badagry tun 1973, NIPSS a Kuru kusa da Jos tun 1979 don manya, amma ƙaramin ma'aikaci na iya gama shekara 35 bai taɓa leƙa ko ɗaya ba. Idan takardar bita ta zo, kafin ta sauko ƙasa an riga an cike sunaye, kuma sau da yawa ba wanda aikin ke hannunsa ake turawa ba, wanda ake so ya samu alawus ɗin tafiya da na kwana shi ake sakawa. Lokacin korona a 2020, da aka ce ma'aikatan tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida aka koma taro ta Zoom, na lura da wani abu a wurinmu, bitar da a da ake kai ruwa rana a kanta, da ta koma ta intanet babu otal babu alawus, sai ga shi ana roƙon mutane su shiga, wasu su shiga su kashe kyamara su tafi harkarsu. Ranar na gane cewa da yawanmu ba ilimin muke bi ba tun asali. Ban ce laifin ma'aikaci ne shi kaɗai ba, albashin da ba ya kai wata dole ya sa mutum ya mai da bita hanyar cike giɓi. Amma horo ta intanet dama ce babba ga na ƙasa, tunda kuɗin da za a kai mutum biyar Legas zai isa a koyar da ɗari a inda suke, in dai shugabanni za su sayi data su ware awa biyu a cikin lokacin aiki su kuma tambayi kowa ya nuna abin da ya koya a kan aikinsa.

Akwai kuma abin da waya ba za ta koyar ba, wannan a yarda. Ɗinkin rauni, gyaran taransifoma, tsayuwa gaban yara saba'in ka riƙe hankalinsu, duk sai hannu ya taɓa kuma sai wani ƙwararre na tsaye yana gyara maka. Kwas mai kyau a irin waɗannan fannoni za ka ga ya haɗa da zuwa asibiti ko bita ta ido da ido ko koyarwar gwaji, wanda duk ya ce maka komai a waya za a gama har takarda ta iso gida, ka riƙe kuɗinka.

Don haka kafin ka sayi fom, ka fara hawa sama wurin sashen mulki ka tambaya ko kwas ɗin da kake so yana cikin waɗanda tsarin aikinku ya yarda a sauya layi da su, don wani ya yi digiri a fannin da bai shafi ma'aikatarsa ba an karɓa an ajiye a fayil kawai babu abin da ya ƙaru. Ka duba ko hukumar jami'o'i ta NUC ta amince da makarantar, kuma ta amince da wannan kwas ɗin a tsarin nesa, don amincewa da jami'a daban amincewa da kwas daban. In kai matashi ne da bai kai talatin ba ka binciki matsayin bautar ƙasa, saboda shekaru da dama takardar keɓewa ake bai wa ɗaliban NOUN da na karatun wucin gadi maimakon a tura su sansani, duk da gyaran dokar jami'ar da Buhari ya sa wa hannu a 2018. Ka ƙirga shekarun da suka rage maka, sannan ka tambaya a wane mataki za a ajiye ka bayan sauya layin, don akwai inda mutum kan koma baya kaɗan kafin ya ci gaba. Sannan ka rubuta neman izini ta hannun shugaban sashenka, ka jira amsa a rubuce, ka yi hoto uku ka ajiye ɗaya a gida.

Shi abokin nawa sai da fayil ɗinsa ya fi shekara yana hawa yana sauka, aka ce ya rubuto takardar ban haƙuri da neman a amince da karatun bayan an gama, wani darakta mai tausayi ya sa hannu, aka sauya masa layin, amma daga ranar amincewar aka fara ƙirga masa, shekarar da ta wuce ta tafi kenan. Yanzu ya sayi fom ɗin mastas. Takardar izinin tana cikin durowarsa a leda, kwananta ya riga na rasit ɗin fom da sati uku.